Rasuwar Mai Ratsi, Jirgin Da Bai Taɓa Barin Falo Ba

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma hannun da ba shi da cikakkiyar gaskiya a lamarin, nake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan aikina na garejin fentin mota rasuwar jirginmu, Mai Ratsi. Ya cika ranar Talata da hantsi, a cikin kwamfutar falo, yana da wata bakwai a duniya.

Ga wanda bai san marigayin ba, jirgin fasinja ne na cikin manhajar koyon tuƙin jirgi, wadda 'yata ta fari, da muke kira Kyaftin, take gwada hannunta da ita. Fari fat ya zo mana. Ita ta zauna ta yi masa fenti da linzamin kwamfuta, shafi bisa shafi, tana duba wani tsohon hoto marar launi da ta ciro daga akwatin kakarta. Hoton jirgin nan ne da ya faɗi shekara arba'in da suka wuce, da yayana a ciki yana aikin hidimar fasinjoji. Ta kwaikwayi komai, har lambar da ke jikin wutsiya, wai don tunawa da baffan da ba ta taɓa gani ba. Ni kuwa tun ranar abinci ya daina yi mini daɗi.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa neman mai ba. Ya faɗi sau goma sha ɗaya a gabana, huɗu daga ciki a hannun ƙanin matata, kuma kullum yakan tashi bai riƙe kowa a zuciya ba. Ya sha ƙetare teku ana guga a gefensa. Za mu yi kewar muryarsa: “wuuuu” in zai tashi, “ƙiiit” in taya ta taɓa ƙasa, da “tin, tin, tin” ɗin nan da ke miƙar da ni tsaye ina salati, shayi na zuba a wandona.

Ciwon ajalinsa ya fara ne ranar da Kyaftin ta ajiye takardar shiga makarantar matuƙa jirgi a kan tebur, da gurbin sa hannun uba. Kwana tara ina kewaye takardar nan kamar rami a tsakiyar titi. Na ce tabarau ya ɓata. Na ce biro ba ya kamawa. A ƙarshe na shawo kan kaina cewa launin ne matsalar, in aka sauya wa jirgin kaya wataƙila hankalina ya kwanta. Tana fita makaranta na ja kujera.

Shekara ashirin da shida ina fenti, ban taɓa ɗora sabo a kan tsoho ba. Kankarewa ake yi sai an ga ƙarfe. Don haka na goge ratsin. Na goge farin da ke ƙarƙashinsa. Na goge lambar. Sau uku kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata, har na ji haushin a tsare gwani da tambaya. Ina ta kankara, ina jiran ƙarfe ya bayyana. Jama'a, ashe babu ƙarfe. Da na farga, filin jirgi ne kawai a gabana, ko inuwar marigayin babu. Mai gyaran kwamfuta na bakin layinmu ya duba, ya cire tabarau, ya dafa kafaɗata.

Ya rasu ya bar sandar tuƙi guda, da feda biyu a ƙarƙashin tebur. Ya bar Kyaftin, wadda yau kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a gajarce. Ya bar mahaifiyarta, da ke shiga kicin tana fitowa da hawaye, ta ce albasa ce, alhali ina jin dariyar ta bango. Ya kuma bar ni.

Akwai abin da na ɓoye wata bakwai, gara in faɗa a gaban shaidu. Ratsin da Kyaftin ta yi shuɗi, a jirgin ainihi ba shuɗi ba ne. Kore ne mai duhu, da siririn layi ruwan ƙwai a ƙasansa. Ina ɗan shekara tara na gan shi ta shingen wayar filin jirgi, ranar tafiyarsa ta ƙarshe, ina ɗaga wa Yaya hannu. Hoto ba zai gaya mata wannan ba, kuma cikin waɗanda suka je rakiya ranar ni kaɗai na rage.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a falo. Babu gawa, saboda haka ba a bukatar masu ɗauka. Ta'aziyya Kyaftin za a yi wa. In an gan ni, a gaisa kawai, a bar tambaya. Bayan an watse, idan mai makokin ta amince, za a fito da sabon farin jirgi. Ita za ta riƙe linzami. Ni roƙona a bar ni in zauna a baya in faɗi launi, hannuwana biyu a aljihu.

Takardar makaranta tana kan tebur, an danne ta da sandar tuƙin marigayi. Sa hannun ya ɗan karkace, amma nawa ne.