Teburin Gatan Nakasassu

A duk faɗin asibitin koyarwa babu mai tausayi kamar shugaban sashen gwaje-gwaje. Shi da kansa ya sha faɗin haka. Laƙabinsa Gatan Nakasassu, kuma ba a san wanda ya raɗa masa ba, sai dai an ga ya iya rubuta shi tun kafin kowa ya ji. Bawan Allahn nan ko kalmar "nakasa" ya furta sai ya ciro hankici ya share ido, musamman idan mai hoto na kusa.

Sai Allah ya kawo masa ɗaliba mai keken guragu, tana koyon gwajin jini. Murna kamar an yi masa ƙarin girma. Duk baƙon da ya zo, kafin a ba shi ruwa an turo ta an nuna masa.

Ita kuwa buƙatarta ɗaya ce. Teburan ɗakin gwaji an yi su ne don mai tsayuwa, idonta ba ya kai wa bakin madubin da ake leƙa ƙwayoyin cuta. Ga jarrabawar gwaji saura wata uku, wanda ya faɗi kuma sai ya maimaita shekara. Ta roƙi a ba ta gajeren tebur.

"'Yata," in ji Gata, hannu a ƙirji, "ki sa a rubuce, kwamiti zai duba. Mu nan ba ma yi wa nakasa garaje."

Kwamiti ya zauna sau biyar, ya haifi ƙaramin kwamiti. A ƙarshe aka kira kafintan asibiti, wani dattijo marar son magana, ya ƙera teburin cikin kwana biyu. Da Gata ya gani sai ya ce haba, irin wannan aiki ai ba a fara amfani da shi ba tare da biki ba. Ya sa aka buga wani faffaɗan allo a gaban teburin, daga sama har kusa da ƙasa, ɗauke da sunansa da digirorinsa bakwai. Sannan ya kulle teburin a ofis kada ya yi ƙura. Ɗalibar ta ci gaba da koyo da madubi a kan kwali, ƙawayenta biyu suna riƙe mata, ga ciwon wuya kullum. Abin ya ba ni haushi, ba zan ɓoye ba.

Ranar da manyan baƙi suka samu sararin zuwa bikin ta faɗo daidai da ranar jarrabawa, har sa'ar ma ɗaya. Gata bai ga matsala ba. Da safe ɗalibar ta iske kafinta a bakin shagonsa, idonta ya yi ja.

"Baba, yau fa ko in ga jinin nan ko in maimaita shekara."

Dattijo ya miƙe. Ya ɗauki zarto ya bi ta zuwa ɗakin gwaji, ya auna gwiwarta da igiya, ya datse ƙafafun wani tsohon tebur. Minti goma, babu kwamiti.

A zauren taro kuwa Gata ya yi awa guda yana jawabi. Da aka nemi ɗalibar don hoto aka ce tana jarrabawa, sai ya ce ba komai.

"Ni da kaina zan zauna inda suke zama, in ji abin da suke ji! A kawo keke!"

Aka aro keke daga ɗakin marasa lafiya. Gata mutum ne da Allah ya yi wa yalwa ta baya. Sai da masinjoji biyu suka danna shi ya shige. Ya tura kansa zuwa tebur cikin tafi, gwiwoyinsa suka daki allon sunansa, ƙwas! Ya sake, ƙwas! Digirori bakwai sun tare hanya, babu keken da zai shiga ƙarƙashin teburin nan. Ya yunƙura zai tashi, keken ya taso tare da shi. Mai hoto, wanda aka ja wa kunne kada ya bar komai ya wuce, bai bar komai ya wuce ba.

Ana cikin haka ɗalibar ta shigo, fuska a sake. Ta gano ƙwayoyin zazzaɓi a gilashin jini na farko, mai jarrabawa ya sa mata hannu. Gata ya yafito ta, gumi har cikin kunne, ya rage murya.

"'Yata, don Allah, yaya ake fita daga abin nan?"

Ta dube shi da ladabi, ta ɗan rusuna daga inda take zaune.

"Ranka ya daɗe, ka sa a rubuce. Kwamiti zai duba."