Buhu Huɗu na Samfur

Jiya ma Malam Dabo ya tashi da sassafe daga ƙauyensu, tsakanin Gwarzo da Kabo, ya biya kuɗin mota har ofishin manya don kawai ya gai da mutum ɗaya. Kada ku ce zumunci ne ya yi masa yawa. Gwajin shinkafa ya je yi.

Bara, ana gama yankan shinkafa, wani kwamiti ya sauka a fadamarsa da motoci bakwai da mai ɗaukar hoto. Wata malama mai farar riga ta ce ƙasar wurin tun asali tana da dalma da wasu ƙarafa a jikinta, ba wanda ya zuba. Shinkafa kuwa tana iya zuƙe su ta saiwa har cikin ƙwaya, wanki ba ya fitar da su.

“Baba, a dakata da ci sai an gwada,” in ji ta. “Abin ba ya gaggawa, kuma yara yake fara taɓawa.”

Ta ɗebi tafin hannu guda a leda. Amma Mai Girma Shugaban Kwamiti, Allah ya ƙara masa basira, ya ce bincike mai zurfi ba ya yiwuwa da tafin hannu. Aka loda buhu huɗu a bayan motarsa.

Tun ranar matar Dabo, Zulaiha, ta kulle ɗakin hatsi. Ga jikoki biyar, ga shinkafa jibge, amma kullum tuwon masara, shi ma na auno. Abin yana ci wa Dabo rai matuƙa.

Ya yi ta zarya neman sakamako. Yau na'ura ta lalace, gobe babu man janareta, jibi mai sa hannu ya tafi taron bita. Rannan ya yi dace da Mai Girma a bakin mota, ya durƙusa.

“Ranka ya daɗe, batun samfur ɗin nan ne.”

“Au, kai ne mai fadama? Kai, shinkafarka akwai daɗi, ko tsakuwa babu! Hajiya ma ta yaba.”

Innalillahi! Ashe gwaji ya yi nisa.

To Dabo dai ba shi da wata na'ura, sai ya mai da gaisuwa aikin likita. Duk mako yana can: “Ina kwana? Ya ƙarfin jiki? Ba jiri? Ba ciwon ƙugu?” Mai Girma har yana nuna shi ga baƙi, wai ga talaka mai ƙaunar shugabanni.

Jiya ya dawo gida da murna.

“Zulaiha, buɗe ɗakin nan! Wata goma ke nan mutumin yana nan garau, har ya ƙara tumbi.”

Ko ɗagowa ba ta yi daga tankaɗen garinta ba.

“Malam, cewa aka yi yara yake fara taɓawa. Ka tambayi nasa?”

Dabo ya tambaya mana, tun makon farko, gaisuwa ai ba ta cika sai da “ya yara”. Mai Girma ya ce lafiya ƙalau, duk suna karatu a ƙasar waje.