Rasuwar Laraba, Motar Maigida Jalo, a Gindin Itacen Kurmi

Da zuciya mai nauyi da baƙin ciki, Maigida Jalo na Azare yake sanar da 'yan'uwa, da 'yan tasha, da masu gyaɗa na Misau da Itas, rasuwar motarsa Laraba. Ta rasu a kurmi, gaba da Ilori, da hantsi, tana kan aiki.

Ranar Laraba ta shigo gidansa, shi ya sa ta ci sunan. Ta yi shekaru tana kai gyaɗa Kano, ta komo da gishiri da kananzir. Yashin Katagum bai taɓa kwanar da ita a hanya ba. Ba ta da kwaɗayin mai. Da sassafe a murɗa mata ƙarfe a gaba, ta yi tari, ta ce gar-gar-gar, duk unguwa ta san gari ya waye. Aibinta ɗaya, ba ta son a matsa mata a hawa. Maigidanta ma ba ya son a matsa masa, don haka ba su taɓa saɓawa ba.

Ga yadda ajalinta ya zo.

Mahaifin Maigida Jalo, Malam Bappayo, bafatake ne. Ya kora jakuna ya tafi sayen goro tun Jalo yana yaro, zazzaɓi ya kashe shi a hanya. Abokan tafiyarsa suka komo da sandarsa da hularsa, suka gaya wa matarsa Ya Fanna sun binne shi gaba da Ilori, a gindin babban itace, kusa da rafi. Ba wanda ya nemi ƙarin bayani. A ƙasarmu in an ce babban itace an gama kwatance, domin kuka ɗaya ake hangowa tun daga nesa, makafi ma sun san ta.

Bana da kaka Ya Fanna, wadda tsufa ya lanƙwasa, idonta ya soma dushewa, ta kira ɗanta. Ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta faɗin na miji.

"Kai, kai ni in ga inda yake kwance, tun ina gani."

Ya'u direba ya ce Laraba ta tsufa da irin wannan tafiya. Maigida ya ce a zuba mata mai.

Aka sa tsohuwa a gaba, da butarta da tabarmarta. Suka wuce Zariya, suka ƙetare kogin Kwara a Jabba, ƙasa ta yi ta canja launi. Sai ga kurmi. Itatuwa sun haɗe a sama sun rufe rana, tsakar rana kamar magariba. Saiwar wani ta fi katangar zaure tsayi, mutum ya ɗaga kai neman ƙarshensa har hula ta faɗi. Kowane itace babba ne. Kowanne kuma da rafi kusa da shi.

Tsohuwa ta yi ta kallo, can ta ce, "Tsaya."

Aka sauko da ita, ta shafa jikin itacen, ta girgiza kai. Aka mayar da ita, aka murɗa wa Laraba ƙarfe. Gaba kaɗan ta sake cewa a tsaya. Haka aka yi ta yi, yau da gobe da jibi, har suka bar babbar hanya suka bi ta masu katako. Mu nan mun daɗe da cire gero, can kuwa sama ba ta daina zuba ba. Laraba 'yar yashi ce, ba ta san jan taɓo ba, amma ba ta ƙi ba. Tana nishi tana ja. Sau da yawa Maigida ya buɗe baki zai ce wa uwarsa kabarin nan ba zai samu ba, ya dubi yadda ta kafa ido a gilashi, ya rufe bakinsa.

A bakin wani rafi Laraba ta yi tari irin wanda ba ta taɓa yi ba. Ta ce tuf, tuf. Tururi ya tashi. Ta yi shiru. Ya'u ya murɗa ƙarfe har tafinsa ya sale, sannan ya leƙa ya ce injin ya tsage.

Tsohuwa ta ce a sauko da ita. Ta dubi itacen da motar ta tsaya a gabansa.

"Nan ne. Da ba nan ba ne, da ba ta tsaya ba."

Ta shimfiɗa tabarma ta zauna tana yi wa mijinta addu'a har la'asar, tana hawaye. Ɗanta bai taɓa ganin hawayenta ba sai ran nan. Ya dubi itacen, bai ga abin da ya bambanta shi da sauran ba. Allah ne masani. Motar katako ta fitar da su, jirgin ƙasa ya kawo su Kano. Tun da suka komo gida tsohuwa take barci mai daɗi.

Marigayiya ta bar ƙarfen murɗawa, wanda ke jingine a zaure kusa da sandar Malam Bappayo. Ta bar Ya'u ba aiki, ta bar gyaɗar bana a buhuna, ta bar maigidanta yana zuwa kasuwa a ƙasa.

Malamai sun ce ba a yi wa ƙarfe salla. Maigida bai yi musu ba. Ranar Juma'a bayan la'asar za a yi sadakar gumba da goro a ƙofar gidansa, ladan ya kai ga Malam Bappayo. Mai ta'aziyyar Laraba ya zo, ya zauna, ya tashi. Ban da dogon surutu.

Gawar Laraba tana inda ta faɗi. Itacen da ba shi da alama yanzu ya samu. Jiya Ya'u ya zo ya durƙusa, ya ce tayoyinta da sauran ƙarfi, in an ba shi izini zai je da wata mota ya janyo ta, ko ya kwanto abin da zai moru.

Maigida Jalo ya ce, "A'a. Ko ƙusa ɗaya ba za a cire ba. Tana gadin ubana."