Rula a Kan Zanen Ƙarfe

"Lafiya lau, angona. Ya gajiyar zaman banza?"

"Da sauƙi, tsohuwa. Kwashe ƙyallayenki, teburin nan ofis ne yau."

Gobe da safe jikan nata zai je intabiyu a masana'antar da ke neman mai sarrafa injin gurzar ƙarfe. Can za a miƙa masa zanen ƙarfe, wato takardar da ke nuna siffa da awon abin da za a ƙera, a ce ya karanta. Sau biyu yana faɗuwa a nan, wannan kuwa shi ne kiran ƙarshe. Ya shimfiɗa zanen gwaji gefen keken ɗinkin kakarsa, ya ɗora rula.

Ta leƙo. "Layin nan duk a tsittsinke, tawada ce ta ƙare musu?"

"Ramin da ke ɓoye cikin ƙarfen ke nan. Kamar haƙoranki, an ce akwai, ba a gani."

"Ja'iri. Rabuwa zan yi da kai in auri mai albashi."

"Wa zai kwashi tsohon inji, kayan gyaransa ma babu a kasuwa?"

Ya auna, ya yi tsaki. "Kin gani ko? Sun rubuta milimita arba'in, rula ta ce ashirin. Kullum sai sun yi kuskure."

"Haka ka faɗa musu wancan karon?"

"Har gyara musu na yi da biro."

Kaka ta tsayar da keken cak. "Sauko da hotonka na bango, ka auna kan."

"Me ya kawo hoto kuma?"

"Kan nan naka da ya fi tukunya, a hoto bai kai ƙwai ba. In na ɗinka maka hula da awon hoto, a babban yatsa za ka sa ta? Shekara arba'in ina ɗinki, lambar da aka rubuta nake bi."

Ya kalli lambar, ya kalli rular. Ashe rage zane ake yi don ya shiga takarda. Shi kuwa gogan, shekara biyu yana zagin masu zane. Kunya ta rufe shi, dariya kuma ta ƙwace masa.

"Kin ci, tsohuwa. Gobe ke za ki je."

"Su ɗauke ni in bar ka da wa? Miƙe in auna wuyanka. Ba za a ga mijina a ofis da wannan tsumman ba."

Ta ɗaga tef ɗin awo, hannunta bai kai ba, sai da ya durƙusa mata.