Yadda Ake Haɗa Rundunar da Ba a Taɓa Ci da Yaƙi Ba

Gyara zama. Shekarata goma sha tara a kulob ɗinmu na yaƙin kan tebur, wanda ke haɗuwa kowace Alhamis da yamma a zauren coci nan Nottingham, kuma har yau ba a haifi wanda ya ci rundunata da yaƙi ba. Na ga dattawa da furfurarsu sun jera 'yan sojojin roba, sun auna tazara da tef, sun watsa 'ya'yan ludo, sun koma gida ido ya yi ja. Ni ko sau ɗaya. Bi matakan nan shida, na yi maka alkawari ba mai ganin bayan sojojinka. Misalinmu Malcolm Birkin ne, direban bas mai ritaya, ɗalibi mafi hazaƙa da na taɓa samu kafin ya lalace.

Mataki na 1: Amsa gayyata, amma kada ka sa rana

Malcolm 'yarsa ce ta gayyace shi, Leanne, ma'aikaciyar jinya kuma gwanar kulob ɗin. Tun da ya rabu da uwarta shekara takwas da suka wuce, hirarsu ba ta wuce ta ruwan sama da katin Kirsimeti ba. A watan Oktoba ta buga masa waya.

"Baba, na samu aiki a New Zealand, ƙarshen Mayu zan tafi. Ka haɗa runduna ka zo mu buga mana, ko da wasa ɗaya ne."

"Wasa ɗaya awa nawa ne?"

"Kamar uku."

Awa uku, shi da ita, tebur ɗaya, ba talabijin a tsakani. Yana son zaman nan kamar ransa, yana kuma tsoron abin da za ta tambaye shi idan shiru ya yi tsawo. Irin wannan tsoron shi ne jarinka. Ce "to" kamar yadda ya ce, ka ƙara da "bari in ɗan shirya."

Mataki na 2: Nemi shawarar kowa

Kada ka kuskura ka zaɓi rundunar da ta burge ka. Shiga kulob ka tambaya da ƙarfi wacce ta fi. Wani zai ce mahaya dawakai, wani ya ce ai an rage musu ƙarfi a sabon littafin dokoki, na uku ya ɗauko tsohon littafin don ya ƙaryata su duka. Kai dai ka riƙa gyaɗa kai kana tsoma biskit a shayi. Malcolm ya ci sati biyar a nan kafin ya tsaya kan maharba masu jan hula.

Mataki na 3: Sayi abin da ya fi ƙarfinka

Sojoji ashirin sun isa wasan farko, saboda haka ka sayi sittin. Suna zuwa ne gunduwa-gunduwa, kai daban, hannu daban, kai za ka yanke ka liƙa. Za ka liƙe yatsunka biyu da gam, ba komai, kowa ya bi ta nan. Kan wani soja zai faɗi ƙasa ya ɓace har abada. Kada ka ci gaba da aiki sai ka neme shi kwana uku, don runduna ba ta tafiya da gawa a tsaye.

Mataki na 4: Fake da al'ada

Wannan shi ne ƙashin bayan darasin. A wurinmu abin kunya ne mutum ya hau tebur da sojojin da ba a yi wa fenti ba, suna nan toka-toka yadda suka fito daga kwali. Ba a rubuta dokar ko'ina ba, amma muna da Clive, sakataren kulob, wanda ya fi rubutu ƙarfi.

Leanne ta tare uban a bakin ƙofar zaure cikin Janairu. "Baba, kawo su haka nan. Ni ina ruwana da fenti?"

"Ke ba ruwanki, mu da ruwanmu," in ji Clive. "A turo su fagen fama tsirara? Direba, kada ka bari yarinyar nan ta zubar maka da mutunci."

"Kin dai ji da kunnenki," Malcolm ya ce, yana kallon takalminsa.

"To in zo ran Lahadi in taya ka? Hannu biyu ya fi sauri."

Lura da kyau, nan mutane da yawa ke faɗuwa. Fenti tare ma zama ne, zama kuwa shi ke kawo magana. Malcolm ya ce ɗakin katakon bayan gida da yake aikin a ciki ya yi ƙanƙanta, ga warin gam. Ta dube shi jim, ta ce to. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Mataki na 5: Yi musu idanu

Sojan nan bai kai tsawon ɗan yatsanka ba, ba mai ganin idonsa sai wanda ya kwanta a kan tebur. Duk da haka ka yi masa, fari da baƙi. Na dama zai kalli gabas, na hagu ya kalli yamma, ka goge ka sake. Ajiye kofin wanke buroshi kusa da kofin shayi, ran da ka kurɓi na fentin ka zama ɗan gida. Sojoji sittin, ido ɗari da ashirin. Da su Malcolm ya cinye Fabrairu da Maris da Afrilu, kuma in faɗi gaskiya aikin ya yi kyau, har maɓallan riga ya fitar.

Mataki na 6: Idan ƙaddara ta ba ka uzuri, karɓa hannu biyu

Matsalar aiki ita ce yana ƙarewa. Ranar Alhamis ta ƙarshe kafin tafiyar Leanne, da safe, Malcolm ya jera maharbansa a kan jarida don ya fesa musu ruwan nan marar launi mai kare fenti. Gwangwaninsa da na farin fentin da ake fara fesa wa sojoji tsayinsu ɗaya, wuri ɗaya suke zama. Hankalinsa na can kan abin da zai ce mata da yamma. Ya girgiza, ya fesa dama, ya fesa hagu, sannan ya duba. Aikin wata shida ya koma fari fat.

Faɗuwa ta zo daidai da zama. Wa zai zarge shi? Abin da ya rage ya ɗauki hoto, ya tura mata, ya ja bargo. Haka na koya masa.

Sai ga shi a zaure ƙarfe shida da akwati a hammata, fenti bai gama bushewa ba.

Clive ya leƙa akwatin ya dafe kai. "Direba, fatalwa ka kawo mana?"

"Fenti ne dai, ko ba fenti ba ne?"

Leanne ta yi dariya har ta riƙe gefen tebur, sannan ta jera dakarunta, ba ta kuwa raga wa tsohon ba ko kaɗan. Cikin minti hamsin ba maharbi ɗaya a tsaye. Saura awa biyu da 'yan kai, ba sauran abin da za a auna da tef. Ni ba na sauraron hirar mutane, kujerata ce kawai take kusa.

"Baba, me ya sa ba ka taɓa kira na ba?"

"Na zaci ba kya so."

"Shekara takwas kana zato?"

Ya yi ta juya wani farin soja a hannu. Daga baya ya fara magana, ita ma ta fara. Shayinsu ya huce, aka tattara tebura suna nan zaune. Da za su tashi ta taya shi mayar da sojojin akwati ɗaya bayan ɗaya.

"Alhamis nawa ce daga Oktoba zuwa yau?" ta tambaya.

"Talatin da biyu," in ji Clive, wanda ba shi aka tambaya ba.

Ranar Asabar jirginta ya tashi.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ya wanke hannunsa. Kayen da Malcolm Birkin ya sha laifinsa ne, shi ya karya mataki na shida. Alhamis talatin da ɗayan da suka wuce shi kuwa, waɗanda yanzu yake zaunawa yana lissafawa idonsa na kan ƙofar zaure, kada a kawo mini ƙararsu. Kai ma idan ka bi matakan nan har mai gayyatarka ya ɗaure kayansa, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ni alkawarin da na yi shi ne ba za a ci ka da yaƙi ba, ban ce za a jira ka ba.