Ranar Da Na Zaɓa Wa Yayata Wurin Masai

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar da na tashi daga Bakura da tef ɗin awo a aljihu, ina jin kaina injiniya. Ni malamin firamare ne. Duk ilimina na gini bai wuce na wata uku da na yi ina tsaron magina lokacin da aka ƙara mana aji biyu ba, amma tun daga nan na addabi dangi da maganar fandisho da linta.

Yayata Asabe ce ke neman gida. Bayan rasuwar mijinta ta baro Maradun da 'ya'ya biyar, suka cunkushe a ɗaki ɗaya na haya a Talata Mafara. Sai ta ji labarin wani dattijo, Baba Ɗanjumma, zai koma wurin ɗansa a Gusau, yana son sayar da tsohon gidansa a farashin da ƙarfinta zai kai. Ta ce in zo in duba mata, tunda ni ne "masani". (Allah Ya yafe wa wanda ya fara kirana haka, ko da yake ina zaton ni ne.)

Dattijon ya tarbe mu a zaure. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da gajiya da damina, ni kuwa idona na kan azara. Gidan ƙasa ne na da, katangarsa ta kai kamu biyu a kauri, ɗakuna huɗu, rijiya, da fili a baya. Gida ne mai kyau, har cikin raina na san haka. Amma an gaya min mai saye ba ya yabo, don haka na haɗe rai na shiga aiki.

Na ƙwanƙwasa bango na girgiza kai. Na auna tsawo, na auna faɗi, na rubuta a bayan takardar jarrabawar wani ɗalibina. Na leƙa rijiya na ce ruwan ya yi nisa. Yaya Asabe tana ta hararata, ni kuwa ina ganin burge ta nake yi.

"Gidanga ya tsufa, Baba," na ce.

"Ya tsuhwa ƙwarai," in ji shi. "Ciki anka haihe ni."

Ya kamata wannan maganar ta sa in sassauta. Ina! Sai ma na ƙara ƙaimi.

Da muka zagaya baya, na hango wani ɗan tudu a kusurwa, ƙarƙashin magarya. An share wurin tas, ga dutse a wannan gefe, ga wani a wancan. Ni da na ga tudu, sai na ga dandamalin yin jawabi. Na sa ƙafa na ture dutse ɗaya, na hau na tsaya da takalmina, na riƙe ƙugu.

"Yaya, kin ga nan?" na ce. "Masai ɗin da ke gaba ya yi kusa da rijiya. Nan za a mayar da shi. Ƙasar ma da taushi, haƙa ba za ta yi wuya ba."

Don in tabbatar musu, sai da na buga dunduniya har sau uku.

Na ga Yaya Asabe ta rufe baki da mayafi. Na ɗauka dariya take yi. Baba Ɗanjumma bai ɗaga murya ba, bai ma ɓata fuska ba. Ya dai dube ni ya ce, "Ɗana, in ka gama, sabko min daga bisa mahaihina."

Na ji kalmomin sarai, amma sai na ci gaba da tsayuwa a kan kabarin bawan Allah ina kallon mai gida. Da na samu na sauko, na rasa abin yi, na ɗauko dutsen na mayar, na kuma mayar da shi ba daidai ba. Dattijon ya durƙusa da kyar ya gyara shi da hannunsa, ya shafe sawun takalmina da tafinsa. Wannan shafewar ta fi min mari ciwo.

Na shiga ba da haƙuri, ina haɗa salati da rantsuwa. Ya ce, "Ba komi, ba ka sani ba." Sannan ya juya wajen yayata. "Ɗiyata, abin da yas sa na rage kuɗin gidanga ke nan. Mai riƙe min wuringa nika nema, ba mai kuɗi ba. Na so in gaya muku in mun zamna, ƙanenki bai bari munka zamna ba."

Yaya ta yi kuka ta ce ita za ta riƙe, ko kaza ba za ta taka wurin ba. Dattijon ya ce ya yarda da ita, amma gida na mace da danginta ne, kuma ya ga dangin. Ya raka mu har bakin zaure, ya yi mana addu'a. Bayan sati biyu muka ji wani tela ya saye.

Yaya Asabe ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Shekara guda ta ƙara a ɗakin hayan nan, kuma duk zuwan da na yi sai ta sa yara su matsa su ba "injiniya" wuri, alhali babu wurin matsawa.

Abin da na koya shi ne, a tsohon gida ana fara auna baki kafin a auna bango, kuma akan tambayi mai gida wa ke ciki, har da waɗanda ba sa amsa sallama. Tef ɗin kuwa na ba matata, tana auna yadi da shi.