Malam Tasi'u da Dodon Koɗi

Tun da aka tura Malam Tasi'u taron malamai a Indonesiya ya dawo, kunnuwan jama'a ba su ƙara hutawa ba. Shi ke koyar da darasin zama ɗan ƙasa nagari a wata sakandare a Sabon Garin Zariya, inda za ka tarar da Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Tibi a kan benci guda. Ko gaisuwa ka yi masa sai ya ja ka Indonesiya, ya ba ka labarin yadda ya ga yara, kowa da addininsa da yarensa, sun baje abincin gidajensu suna ci tare, babu mai ɗaga hanci. Mu kuwa, in ji shi, zaman lafiyarmu duk a baki ya tsaya.

Shi ke nan ya sa ranar musayar kwano. Kowane ɗalibi ya zo da girkin uwarsa, a yi ƙuri'a, abin da ya faɗo maka shi za ka cinye. Wanda ya yatsine fuska kuma ya faɗi darasin a zangon nan. Har shugabar makaranta ya gayyato ta zo ta ga aiki, shi ma ya kawo tuwonsa da miyar kuka don ya zama abin koyi.

Yara suka yi ta maza. Wani ɗan Bahaushe na haɗiyar amala, yaji na sa shi hawaye. Wata 'yar Tibi ta daɗe tana juya miyar kuka kamar an ba ta magani, amma ta shanye. Malam na zagayawa, hannu a baya, yana ta faɗin haka ake yi a can.

Sai aka zo kansa. Kwanon wata yarinya Nkechi ne ya faɗo masa. Yana ɗaga murfi ya ga sakwara da miya, ga dodon koɗi manya-manya kwance a ciki. To, kun dai san halinmu: wa'azin haƙuri da juna ba a fin mu, amma abin da kakarmu ba ta dafa ba, ba abinci ba ne. Ga shugaba ta zuba wa Malam ido, ga yara na jira. Bawan Allahn nan da aka gani da ƙosai a ofis da safe ya mayar da murfi a hankali, ya ce af, sai yanzu ya tuna yau Alhamis, yana azumi.

"Ayya, sannu Malam," in ji Nkechi. "Sai yaushe ke nan za ka ci?"

"Sai Magariba, 'yata. Kin ga kafin nan an daɗe da tashi. Kai wa ƙannenki kawai."

Yarinya ta rungume kwanonta, ta jawo kujera ta zauna daf da teburinsa.

"Ba komai, Malam. Ai girmama addinin juna ka koya mana. Zan jira har ka sha ruwa."